Fitilar da Ke Cin Lagwani: Abin da Korona Ta Bari a Jikin Likitocin Arewacin Kamaru

Ɗan yayata likita ne a wani asibitin gwamnati a nan arewa. Cikin azumin 2020 ya naɗe shimfiɗarsa ya koma shagon zaure, ya ce kada kowa ya shigo masa. Mahaifiyarsa na fama da hawan jini da ciwon suga, matarsa na goyo, shi kuma wuni yake cikin masu tari da zazzaɓi, da takunkumin fuska guda da yake maimaitawa har ya yi laushi. In an kira magariba sai a ajiye masa kunu da ƙosai a bakin ƙofa, ya miƙo hannu ya ɗauka. Mun zaci abin na wata ɗaya ne ko biyu. Bayan kusan shekara, muna zaune a ƙofar gida bayan isha'i, ya faɗa mini maganar da har yau ba ta bar kunnena ba. Ya ce, "Kawu, wallahi yanzu in aka zo aka ce mini wane ya cika, kafin in ce innalillahi, abin da ke fara faɗo mini a rai shi ne gadon kwantar da wani ya samu." Bai ɗaga murya ba, bai yi hawaye ba. Wannan fa yaron da in za a yanka kaza yana ƙarami sai ya gudu ɗaki ya toshe kunne.

Wannan hali yana da suna a wurin masana. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1974, bayan ya lura da masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta na birnin Niyok: sukan zo da zafinsu, kafin shekara ta zagayo sun zama kamar ba su ba. Ya kira abin da kalmar Ingilishi mai nufin ƙonewa ƙurmus. Daga baya Christina Maslach da abokiyar aikinta suka fito da ma'aunin tambayoyi a 1981, wanda har yanzu da shi ake gwada abin. A watan Mayun 2019, wato ƙasa da shekara guda kafin korona ta iso mana, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin kundinta na 11 na rarrabe cututtuka, ta kuma ba shi alamomi 3: ƙarfi ya ƙare ƙaf, zuciya ta janye daga aikin har mutum ya fara ganin waɗanda yake yi wa hidima kamar kaya, sannan ya riƙa jin cewa ƙoƙarinsa ba ya tsinana komai. Maganar ɗan yayata ita ce alama ta 2, tsirara.

Akwai wani abu a bayanin hukumar da ake yawan tsallakewa. Ba ta ce cuta ce da ke cikin mutum ba. Ta ce abu ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba. Ke nan in za a nemi inda ke yoyo, rufin asibitin za a fara dubawa kafin a duba kan likitan.

Mu a Hausa muna da gajiya, muna da kasala, muna da gundura, amma babu wadda ta kama shi daidai. Gajiya barci ke maganinta. Wannan kuwa mutum ya kwana ya tashi yana nan yadda ya kwanta. Abin da ya fi kama da shi a wurina fitilar ƙwai ce da kananzir ya ƙare mata. Ba ta mutuwa nan take, tana ci gaba da ba da haske, sai dai lagwaninta take ci, kuma mai ɗaki ba ya ankara sai ya ga hayaƙi ya baƙanta gilashin.

Mai karatu na iya cewa, to ai mu korona ba ta yi mana ɓarnar da ta yi wa Turai ba. A takarda haka ne. Daga ranar 6 ga Maris 2020 da aka tabbatar da mutum na farko a Yawunde, jimillar da hukumomin Kamaru suka ƙirga ta tsaya wajen mutum 125,000, waɗanda suka rasu ba su kai 2,000 ba, kuma kaso mafi tsoka a Yawunde da Duwala yake. Maƙwabciyarmu Chadi, da ta samu nata na farko ranar 19 ga Maris, ba ta kai mutum 8,000 ba, mamatan ba su kai 200 ba. Ko da an ce gwajin bai wadata ba, wanda gaskiya ne, ba mu ga abin da arewacin Italiya ya gani ba. Me ya gajiyar da likitocinmu ke nan?

Amsar ita ce, ana kukan targaɗe ne sai ga karaya. Kamaru na da kusan likita 1 ga kowane mutum 10,000, Chadi ba ta ma kai haka ba. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka a matsayin mafi ƙaranci tun 2006 shi ne likitoci da nas-nas da ungozoma 23 ga mutum 10,000, kuma ƙasashen biyu suna can ƙasa da shi. 'Yan kaɗan ɗin da ake da su ma ba raba daidai aka yi ba, sun taru a manyan biranen kudu biyu. Jihar Arewa Mai Nisa, mai mutum sama da miliyan 4, tana cikin mafi ƙarancin rabo. Ba baƙon abu ba ne ka je asibitin gunduma ka tarar likita 1 ko 2 ne ke riƙe da shi: shi ne mai duba marasa lafiya da safe, shi ne mai fiɗar gaggawa in haihuwa ta zo da gardama, shi ne mai cika takardun rahoto, shi ne kuma mai halartar taro a Marwa.

Sannan arewa tana da nata jadawalin ciwo da ba ya jiran kowa. Daga bazara, lokacin da zafi a Garwa ke haura digiri 40, ga sanƙarau ga ƙyanda. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara, a kwantar da biyu ko uku a gado ɗaya, jini ya ƙare musu, ga tamowa ta lokacin da rumbu ya yi ƙasa. In kogin Logon ya cika ya yi ambaliya a Yagwa da Kusiri, sai a fara fargabar kwalara. Tun 2014 asibitocin yankin Mora da Kolofata ke karɓar waɗanda rikicin Boko Haram ya raunata, ga dubban 'yan gudun hijirar Najeriya a sansanin Minawawo kusa da Mokolo. A Disambar 2021, ana tsakiyar annobar, faɗan ƙabilanci ya ɓarke a yankin Kusiri har dubban mutane suka haye kogi zuwa Chadi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya tafi hutu don korona ta zo. Ita dai ta zo ta ƙara nata: a ware ɗaki, a ware ma'aikata, a bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da mai ciwon, a aika rahoto kullum. In ɗaya daga cikin likitoci biyun nan ya kamu, sai a killace shi kwana 14, ɗayan ya haɗa dare da rana.

Rashin barcin nan ba ƙaramin abu ba ne. Wani gwaji da aka yi a Ostareliya, aka buga a 1997, ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa kan ragu kamar na wanda ya ɗan sha giya, in ya kai awa 24 kuwa ya wuce matakin da ake hana mutum tuƙi a ƙasashe da dama. Babu ɗayanmu da zai yarda bugagge ya yi wa matarsa fiɗa. Amma mun yarda da wanda ya shiga aiki jiya da safe, ya kwana a tsaye, yau da hantsi yana riƙe da wuƙa. Dokar ƙwadago ta Kamaru awa 40 ta sani a mako. Likitan gunduma kan cinye su kafin Laraba ta fita. Ƙara da rigar kariya ta leda, ruf daga kai har ƙafa, cikin zafin Afrilu, da bakin azumi.

Duk da haka, in ka zauna da su, ba yawan aikin suka fi kuka da shi ba. Wanda ya zaɓi likitanci ya san ba zaman ofis ya zaɓa ba. Abin da ke cin su shi ne sanin abin da ya kamata a yi da rashin ikon yin sa. A Kamaru kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mara lafiya yake fita. Likita ya rubuta takardar magani, ya miƙa wa ɗan mara lafiya, ya ga yadda ya juya ta ya kalli ƙasa, ya san ba za a sayo ba. Tukunyar iskar numfashi guda ce, masu haki uku, shi ne zai zaɓa, kuma shi ne zai fito ya fuskanci dangin biyun da bai zaɓa ba. Masana sun ara wa wannan wani suna daga nazarin sojojin da suka dawo daga yaƙi, ma'anarsa raunin lamiri: ciwon da mutum ke ji in yanayi ya tilasta masa yin abin da zuciyarsa ta san ba daidai ba ne. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi zai tafi ga lafiya. Kamaru ba ta taɓa kusantar wannan adadi ba. Giɓin da ke tsakanin alkawarin da abin da aka bayar, a fuskar likita talaka ke ganinsa, don shi ne gwamnatin da hannunsa ke iya kaiwa gare ta.

Nan ne korona ta yi ɓarnar da ta fi kowacce, a ganina: ta ɓata tsakanin likita da jama'arsa. Kowa ya tuna maganganun da suka yi ta yawo a majalisu da WhatsApp. Ciwon Turawa ne, ciwon masu hawa jirgi ne, zafinmu zai kashe shi. Daga baya aka koma cewa kasuwanci ne, wai kowane mutum da aka rubuta yana da korona akwai kuɗin da ake ba asibiti a kansa. Sai batun gawa ya zo ya hura wutar. A wurinmu wanka da likkafani da salla haƙƙin mamaci ne a kan rayayyu, kuma a farkon annobar ƙa'ida ta hana a miƙa gawar ga dangi yadda aka saba. Wa zai tsaya a ƙofa ya ce wa mutum ba za ka wanke mahaifinka ba? Ba minista ba ne, ba gwamna ba ne. Likita ne, wanda wataƙila sahu ɗaya suke tsayawa da mai makokin ranar Juma'a. An samu wuraren da dangi suka zagi ma'aikatan lafiya, aka kai wa wasu hannu, aka ƙwace gawa da ƙarfi. Mutane suka ƙaurace wa asibiti don tsoron kada a ce suna da ita, ba sa zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsu, su rasu a kwana ɗaya ko biyu, sai rasuwar ta zama hujjar cewa asibiti ne ke kashewa.

Abin takaicin shi ne zargin jama'a ba daga iska ya faɗo ba. Gwamnati ta kafa asusun musamman na sefa biliyan 180 don yaƙi da annobar, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ba Kamaru dala miliyan 226 a watan Mayun 2020, kuma a 2021 sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli ya fitar da rahoton da ya nuna kwangiloli da aka kumbura farashinsu da kuɗaɗen da ba a iya bayanin inda suka shiga ba. Jama'a sun sansano ƙamshin miya, sai dai sun bi gidan da ba nan aka dafa ta ba. Wanda ke wanke takunkuminsa yana shanyawa shi aka riƙa nunawa da baki a kasuwa. A daidai lokacin ma samunsa raguwa ya yi, domin wani ɓangare na abin da ma'aikatan asibitin gwamnati ke samu kaso ne daga kuɗin shigar asibitin, in marasa lafiya sun gudu kason ya bushe. Ba a ma maganar masu aikin wucin gadi, waɗanda ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya suka ce sun kai 27,000 lokacin yajin aikin 2023, wasu sun shekara da shekaru ba su da lambar albashi.

Shawarar da ake ba likitoci a ƙasashen waje ita ce su raba aiki da gida: in ka tashi ka kashe waya, ka motsa jiki, ka keɓe lokacin iyali. Duk wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama a unguwar Hausawa ta Garwa ko Gaundare ba. A nan gidan likita asibiti ne na biyu, wanda ba a biyan kuɗin kati. Da asuba maƙwabci na jira a zaure da yaro a kafaɗa. A wurin ɗaurin aure wani zai ja shi gefe ya buɗe masa ƙafa. Gwaggo daga ƙauye za ta sauka da jakarta, ba a yi sallama da ita ba sai ta warke, kuma maganin daga albashinsa ne. Hotunan takardun gwaji na shigowa wayarsa har ƙarfe 1 na dare. Ba zai iya cewa a'a ba, domin shekaru 7 ɗin da ya yi yana karatu dangi ne suka yi karo-karo, wani ya sayar da sa, wata ta sayar da awaki. In ya kashe waya, kafin gari ya waye an ce boko ya sa shi girman kai. Ni kaina mai wannan rubutu ba zan wanke hannuna ba, na sha tura masa abokaina da "ka ce Kawunsa ne ya aiko ka."

Mace likita ko nas nata ya ninka. An rufe makarantu daga 18 ga Maris 2020, 'yan ajin jarrabawa kaɗai suka koma a watan Yuni, sauran sai Oktoba. Ta kwana a asibiti, ta dawo ta tarar da yara a gida, ga tukunya na jira, ga dangin miji na ƙorafin za ta kwaso musu ciwo. Shi kuma ɗan kudu da aka turo aiki arewa, matsalarsa kishiyar wannan ce: ba dangin da za su dame shi, ba kuma wanda zai ajiye masa kunu a bakin ƙofa. Iyalinsa na Duwala, tsakaninsa da su kwana a jirgin ƙasa daga Gaundare bayan wuni a mota, ba ya jin Fulatanci ko Hausa sosai, daga asibiti sai ɗaki.

Adalci dai shi ne a faɗi cewa zumuncin nan mai nauyi shi ne kuma maganin da muke da shi. Jam'in salla, majalisar shayi, zaman gaisuwa, hira a gindin dalbejiya, da su mutum ke sauke abin da ya kwaso. Korona ta bar nauyin zumuncin ta ɗauke daɗinsa. An hana taron da ya wuce mutum 50, likita kuma ya fi kowa sanin dalilin, don haka shi ya fara janye jikinsa. Wayar ba ta daina ƙara ba, majalisar ce ta watse.

To me ya sa ba sa neman taimako? Wanzami ba ya son jarfa, wannan ɗaya ne. Na biyu, harshenmu bai bar wata tazara mai faɗi tsakanin lafiya da hauka ba. Da zarar an ji likita ya je ganin likitan ƙwaƙwalwa, wa zai sake miƙa masa ɗansa? Ƙwararrun ma 'yan ƙalilan ne a ƙasar baki ɗaya, galibinsu a Yawunde da Duwala, kuma a da'irar da kowa ya san kowa, wanda za ka je wurinsa malaminka ne ko abokin karatunka. Na uku shi ne tarbiyyarmu. Bahaushe ya ce haƙuri maganin zaman duniya, Bafulatani maƙwabcinsa yana da munyal, wato nasa haƙurin, namiji ba ya raki, mai imani ba ya ƙorafi. Ina ganin mun cakuɗa abu biyu a nan. Haƙuri da ƙaddara daban, yin shiru a kan jadawalin aiki da ɗan Adam ya zauna ya rubuta daban. Da yake baki ba ya faɗa, sai jiki ya faɗa: ciwon kai da ba ya jin magani, gyambon ciki, hawan jini a shekara 35, faɗa da matar gida a kan abin da bai kai ya kawo ba. Haɗarin da ya keɓanta da likita kuma shi ne alƙalamin rubuta magani na hannunsa, yana iya rubuta wa kansa na barci ba wanda ya sani.

Wajibi ne a bambance wannan ƙonewa da ciwon damuwa mai tsanani, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko a jikin aiki take manne, in mutum ya samu hutu na gaske ko aka sauya masa yanayi yakan farfaɗo. Na biyun yana bin mutum duk inda ya je, ya ɗauke masa ɗanɗanon abinci da na 'ya'yansa, har ya kai shi ga jin mutuwa ta fi masa. Wannan ciwo ne da ke buƙatar magani a hannun masani, addu'a da ruƙiyya ba sa hana a haɗa da shi, kamar yadda ba sa hana a ɗaura karaya. Ta farkon in ta daɗe tana iya buɗe wa na biyun ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar farko ta annobar damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya, kuma ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000 ne korona ta kashe daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021. A Amurka sai da wata likitar sashen gaggawa a Niyok, Lorna Breen, ta kashe kanta a Afrilun 2020, tana tsoron neman taimako zai ɓata mata aiki, kafin aka yi dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan lafiya mai ɗauke da sunanta a 2022. Can ke nan, inda ake iya faɗin abin da ya kashe mutum.

Abin da gwamnatinmu ta yi da ake iya nunawa shi ne dokar Yulin 2020 da ta ɗaga shekarun ritayar manyan ma'aikatan lafiya zuwa 60. Ta riƙe ƙwararrun da za su tafi, wannan gaskiya ne, amma ba ta rage wa kowa awa guda ba. Tsangayar koyon likitanci ta Garwa ita ce abin da na fi sa wa rai, don wanda ya tashi a nan ya yi karatu a nan ya fi saurin zama, sai dai shuka ce mai daɗewa kafin a ci 'ya'yanta. Wani nazari na 2017 da ya tattara gwaje-gwaje da dama a kan likitoci ya gano cewa gyaran tsarin aiki ya fi tasiri a kan koya wa mutum dabarun daurewa. Gyaran kuma ba duka ne ke cin biliyoyi ba. Wanda ya kwana aiki ya tafi gida da safe, a rubuta, a kuma bi. Sabon likita ya ga albashinsa cikin watanni, ba sai ya ci bashin shekara ba. A sa mai gadi a ƙofar sashen gaggawa. Ma'aikata su zauna sau ɗaya a mako su yi maganar wanda ya rasu a hannunsu ba tare da neman mai laifi ba. In wata annobar ta zo, limamai da masu unguwanni su ji ƙa'idar jana'iza tun kafin gawa ta farko, su ne za su tsaya a ƙofar tare da likita. Mu dangi kuma namu bai wuce mu bar zauren nan ya zama zaure ba, ko da daga isha'i zuwa asuba ne.

Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. A asibitin ɗan yayata an mayar da ɗakin killacewa ɗakin ajiyar kaya, adadin likitocin kuma yana nan yadda yake. Ya koma cikin gida da kwana, yana dariya jefi-jefi. Kwanakin baya na shiga shagon zauren neman tabarma, na tarar da littattafan koyon Jamusanci guda 3 a kan taga, an ja layi a shafukan da jan biro. Na tambaye shi, ya ce, "Kawu, kada dai ka faɗa wa Inna tukuna."